Gwaggo Mai Cigiya

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ta yi shekara ashirin da wani abu tana karanta cigiya a gidan rediyon garinmu. Ba don karatun aka ɗauke ta ba. Aikinta na farko zama ne a teburin bakin ƙofa, ta tari baƙi, ta ɗaga waya. Wata rana mura ta shaƙe mai karanta sanarwa, ga mutane cike da benci suna jira. Dogo, injiniyan gidan, ya leƙo ya ce, "Ke, zo ki karanta mana wannan, ba wuya." Ta shiga ta karanta, ta fito sharkaf da gumi. Mai murar ya warke, amma masu buga waya suka dinga tambayar ina matar rannan. Daga nan kujerar ta zama tata, sunanta na yanka kuma ya ɓace, kowa sai Mai Cigiya.

Gidan rediyon a saman wani bene yake bayan kasuwa, ƙasansa masu sayar da taya ne. An lulluɓe bangon ɗakin watsa shiri da kwalayen ƙwai don kada hayaniya ta shigo. Da jar fitila ta kama dole a kashe fanka, saboda ƙararta tana shiga makirufo, shi ya sa Gwaggo ba ta rabo da tawul a kafaɗa.

Ba ta karanta abin da aka miƙo mata haka nan. Sai ta zaunar da mutum ta yi ta tambaya. Akuyar wane launi ce? Tsohon da wace ƙafa yake ɗingishi? In an kira shi da wane suna yake waiwayowa? Sannan ta shiga ta faɗa a hankali, ta maimaita, kamar da maƙwabciya take magana ta kan katanga. Akwai ranar da wani ya kawo cigiyar matarsa. Ba ta gama karantawa ba waya ta yi ƙara, Dogo ya saka ta kai tsaye, sai ga muryar mace: "Mai Cigiya, ki gaya masa ban ɓata ba, ina gidanmu, kuma ya san hanya." Gwaggo ta ce, "To, malam, ka ji. An ga kayanka, saura ka je da bakinka." Garin ya yi wata guda yana dariyar wannan.

Mijinta ya rasu da wuri, bai bar mata ɗa ba. Mu 'ya'yan yayanta ta riƙa, ni kuwa a ɗakinta na girma. Da albashin rediyon ta yi mini makaranta, duk da albashin yakan yi jinkiri har ya haɗu da na wata mai zuwa.

Mai gidan rediyon, wanda kowa ke kira Baba, da guminsa ya kafa shi. Da tsufa ya zo masa, abubuwa suka taru. Na'urar watsa shiri ta fara mutuwa tana farfaɗowa, man janareto ya yi tsada, 'ya'yansa ba mai sha'awar sana'ar. Ga kuma wani babban kamfani da ya riga ya saye gidan talabijin na garin da gidajen rediyon garuruwan da ke kewaye. Masu talla suka koma can, don sau ɗaya za su biya a ji su ko'ina. Baba ya tara ma'aikata a baranda, ya cire tabarau yana ta gogewa. Ya ce, "Na sayar. In ban sayar ba, rufewa za mu yi. Sun yi mini alkawari ba za su taɓa kowa ba." Gwaggo ce ta tashi ta ɗebo masa ruwa.

Gaskiya kamfanin ya gyara wuri. Aka cire kwalayen ƙwai, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, albashi ya fara zuwa a kan lokaci. Sai dai shirye-shirye suka koma zuwa daga hedikwata, murya ɗaya ga gidaje da yawa, garinmu aka bar masa ɗan lokaci da yamma, shi ma rabi talla ne. Alkawarin da aka yi wa Baba bai kai ƙarshen shekara ba. Aka sallami 'yan labarai, aka sallami mai shirin manoma, aka sallami Dogo, wai daga can za a riƙa juya na'urori. Gwaggo aka bar ta saboda mutane sun san muryarta. Aka naɗi muryar tana cewa, "Muna tare da ku," ana sakawa tsakanin waƙoƙi, ita kuma aka mai da ita teburin bakin ƙofa inda ta fara. Cigiya aka ce a riƙa turawa ta waya zuwa shafin kamfani.

Manajar da aka turo budurwa ce, ba ta girme ni da yawa ba. Tana kiran Gwaggo Mama, tana rusuna mata. Gwaggo ta so ta tsane ta, abin ya gagara. Takan dawo gida ta ce mini, "Yarinyar nan ko abinci ba ta ci, kullum waya a kunne ana yi mata faɗa daga sama."

Mutane ba su daina hawowa benen ba. Gwaggo ce ke gaya musu an daina, wannan kuwa ya fi komai ci mata rai. Wata safiya wata tsohuwa ta hawo tana haki, takalmanta ba iri ɗaya ba. Mijinta ya fara ruɗewa, ya fita tun jiya bai dawo ba. Gwaggo ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyin da ta saba, sannan ta ƙwanƙwasa ofishin manaja.

"'Yata, minti biyu nake roƙo."

"Mama, wallahi ba a hannuna yake ba. Ko na kunna makirufo ba zai fita ba, daga can suka kulle."

"To kira su."

Ta kira a gabanta. Aka haɗa ta da wani, wanin ya haɗa ta da wani, a ƙarshe aka ce a jira shirin yamma, in akwai wuri. Manaja ta ajiye waya idonta ya kawo ruwa. Gwaggo ta ce, "Bari kuka, ba ke kika yi ba. Ba ni izinin fita."

Ta riƙo hannun tsohuwar suka gangara, ta tare tasi zuwa babbar tashar mota. A can akwai wata rumfa da lasifika a kan ƙarfe, inda wani mai ƙaton ciki ke kiran fasinja. Ta gaishe shi ta ce ya ara mata makirufo. Ya dube ta sama da ƙasa zai yi gardama, sai ta ƙara magana, ya ce, "Tsaya, ba ke ce Mai Cigiya ba?" Ya miƙe ya ba ta kujerarsa.

Da muryarta ta fita, tashar ta yi tsit. Ta ce ana cigiyar dattijo, gajere, da riga ruwan toka, kunnensa na hagu ba ya ji, a dā gyaran agogo yake yi, in aka ce masa Mai Agogo zai waiwayo. Ta roƙi direbobi su duba gefen hanya duk inda suka nufa. Washegari da hantsi wani direban bas ya kawo shi a kujerar gaba. A wani ƙauye ya gan shi zaune gindin bishiya, ƙafafunsa sun kumbura, yana cewa shagonsa yake nema.

Tun daga ranar, in ta tashi aiki sai ta biya tasha. Masu hawowa bene ta riƙa ce musu su same ta can da la'asar. Manaja ta sani, ta kau da kai.

Bayan shekara biyu shi ma kamfanin wani wanda ya fi shi ya haɗiye shi. Sababbin suka ce ba su ga amfanin ofis a garinmu ba, eriya ta isa. Aka kwashe kaya a mota, aka sa kwaɗo. Gwaggo ta dawo gida da kofinta da hoton ma'aikata na zamanin Baba, ta kwana biyu ba ta fita ba. A rana ta uku shugaban direbobi ya aiko a tambaya ko lafiya, mutane na jira. Yanzu a rumfar take wuni. Abin da ƙungiyar direbobi ke ba ta bai kai rabin albashinta ba, lasifikar kuma ba ta wuce katangar tasha. Takan ce a dā har ƙauyuka ake jin ta, yanzu sai wanda ya zo hawa mota. Na ce ta huta, ni zan riƙe ta. Ta ce, "In zauna in kalli bango? Rufa mini asiri."

Sallamar ba ta bar manaja ba. Ina rumfar ranar da ta zo da akwatuna biyu za ta koma garinsu. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yafe mini."

"Me kika yi mini? Tashi, ƙasa da datti. Kin samu wani aikin?"

"Tukuna."

"Za ki samu. Kin ci abinci?"

Ta girgiza kai. Gwaggo ta aike ni na sayo mata burodi da ruwa, sannan ta ja ta har bakin mota, ta sa wani saurayi ya koma baya ya bar mata gefen taga. Ta ce wa direban, "'Yata ce, ka sauke ta a ƙofar gida." Ta tsaya har motar ta fita daga tasha, sannan ta juyo, don wani mutum na tsaye a bakin rumfa da igiya a hannu, ba saniya.