Hular da Aka Taka

Tun kullen korona Mijinyawa, direban tasi a Doha, ya kamu da son besbol, wasan ƙwallon sanda na Amurkawa. Ba shi da dikoda, ba ya kallon na sata. Manhaja yake biya a wayarsa. Ana bugawa a Amurka yana barci, sai ya tashi aiki yake kallon maimaici. Ka faɗa masa sakamako, kun ɓata.

Ranar wasan ƙarshe na gasar besbol, gab da Kofin Duniya, tun Mijinyawa bai kalli maimaici ba, wani Ba'amurke ya shigo motarsa a filin jirgin Hamad, sanye da hular ƙungiyar da Mijinyawa yake goyon baya.  Mijinyawa ya ƙure rediyo, ya ƙi kallon madubi har unguwar Al Muntazah, don kada ya san sakamako.

Mutumin bai faɗi sakamako ba. Amma da zai sauka, ya cire hular, ya yar, ya taka ta.