Baba Sannu da Motarsa ta Kai Marasa Lafiya

Tun yana tuƙa bas ɗin ma'aikata aka laƙaba masa Baba Sannu, don ko hanya ta buɗe fayau ba ya taka mota. A kan sitiyari ya tsufa. Da ya yi ritaya, abin da ya koma gida da shi ciwon baya ne da wata tsohuwar motarsa, wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai ta waje.

Watannin farko zaman ƙofar gida ya yi. Ya wanke motar, ya goge, ya sake gogewa, har uwargidansa ta ce, "Malam, saura kaɗan ka kankare fentin."

Abin ya faro ne daga maƙwabcinsa tela, wanda ciwon ƙoda ya kama, ana yi masa wankin jini a asibitin da ke can ƙarshen gari. Wata safiya Baba Sannu ya gan shi tsugune a bakin titi yana jiran tasi, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya ce, "Tashi mu je." Ya kai shi, ya jira shi a kan benci, ya dawo da shi gida. Daga ranar ya ɗauke masa zuwa asibiti.

Kafin a jima labari ya zaga unguwa. Mai ciki za ta awo, tsohuwa jininta ya hau, wanda ya karye an ce ya koma a duba ƙashin. Kowa Baba Sannu. Ya ajiye bokiti da tsumma da filo a kujerar baya, domin ya gane wanda aka yi wa wankin jini amai ke taso masa a hanyar dawowa. Tuƙin nan da aka daɗe ana yi masa tsiya a kai, shi marasa lafiya suke so. Da farko abin ya yi masa daɗi. Yakan dawo yana ba uwargida labari, ya ci abinci da yawa, ya yi barci mai nauyi.

Sannu a hankali taimako ya zama kamar dole. Aka daina cewa "ko kana da hali," aka koma "gobe da sassafe." Wani magidanci ya tare shi da faɗa don ya makara wajen ɗaukar mahaifiyarsa, alhali shi magidancin motarsa sabuwa tana cikin gida a lulluɓe, ba ya so a ɓata masa kujeru. Wata kuma suna dawowa daga ganin likita ta ce ya ɗan tsaya mata a kasuwa, ta bar shi cikin rana har ya fara gyangyaɗi.

'Yarsa ta zo ganin gida ta iske shi kwance a ƙasa, mahaifiyarta na ɗora masa tawul mai zafi a baya.

"Baba, su waɗannan mutanen ba su da 'ya'ya ne?"

"Suna da su. Suna wajen aiki, kamar ke."

Ta karɓi tawul ɗin daga hannun mahaifiyarta.

Tela ya rasu a shekara ta biyu. Ranar da ya saba kai shi, Baba Sannu ya tashi, ya tayar da mota, ya tsaya a ƙofar gidan, har ya danna hon kafin ya tuna. Matar telan ta leƙo ta gan shi, ta koma ciki.

Idonsa kuma ya fara hazo, bai gaya wa kowa ba. Wata la'asar yana dawowa da wata tsohuwa, rana na dukan gilashi, bai ga mai baro ba sai da ya ji ƙara. Bulo ya zube a titi. Ba wanda ya ji rauni, mai baron ma haƙuri ya ba shi da ya ga furfura. Amma Baba Sannu ya kasa komawa kan sitiyari, sai wani mai wucewa ne ya ƙarasa da su gida.

Likitan ido ya ce yanar ido ce, za a iya cirewa, amma ya manta da tuƙi tukuna. Ya miƙa wa uwargida makullin, ya ce ta ɓoye inda ba zai gani ba.

Ya bi gidajen masu mota ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai karɓe shi. Kowa ya yaba masa, kowa ya kawo uzuri. Wani tsohon malamin makaranta kaɗai ya yarda, shi ma ranar Talata kawai. Sauran ranakun Baba Sannu kan shiga tasi ya raka wanda ba shi da kowa, ya riƙe masa layi, ya karɓo masa magani, ya dawo ƙafafunsa na zogi.

Wata yamma yana zaune ya tsoma ƙafa cikin ruwan ɗumi, aka yi sallama a waje. Uwargida ta je ta dawo, ta ce wai surukar mai shago ce ke so a raka ta gwajin jini.

Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ce musu jibi. Na gaji."

Ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba. Ta fita ta faɗa musu, ta dawo ta ƙara masa ruwan zafi.