Hajiya Suwaiba Jalo, Ungozomar da Ta Hana a Ƙona Katuna

Haihuwa

A daminar shekarar 1961 aka haifi Hajiya Suwaiba a garin Katagum, a gidan Malam Jalo, Bafulatani manomi, da matarsa Kaltum, wadda jijjigar masu ciki ta yi ajalinta kwana biyu bayan haihuwar. Mutanen gida sun ga ƙafafunta sun kumbura tun cikin yana wata bakwai, amma suka yi ta murna wai alamar ƙaton yaro ce.

Ilimi da Aure

Ta yi firamare a Katagum, ta kammala karatun ungozoma a Bauchi a 1983, ta kama aiki a Azare. A shekarar ne kuma aka ɗaura aurenta da Malam Uzairu, malamin makaranta. Sai a 1994 Allah ya ba su 'yar fari, Saliha, wadda bisa kunyar Fulani uwar ba ta kama sunanta, iyakarta "waccan".

Aiki da Bincike

Mace ce mai kafiya, ba ta da sauƙi ko kaɗan. A 2009 aka tara tsofaffin katunan awon ciki za a ƙona, ta tsaya kai da fata ta hana, ta ɗora buhu goma sha ɗaya a keke napep zuwa gidanta. Shekara huɗu tana tantance su, har ta lura cewa matan ƙauyukan bakin kogi da aka ba wani maganin zazzaɓin cizon sauro, hawan jinin cikinsu bai cika kai su ga jijjiga ba. An yi mata dariya son rai, ban da Dakta Salama Zakariya, likitar mata, wadda ta yi hasashen maganin na kare jijiyoyin jinin da hawan jinin ke lalatawa. A 2017 aka amince musu su gwada shi tare da maganin hawan jini da aka saba bayarwa.

Jarrabawa

A 2019 Saliha ta zo goyon ciki gida, ƙafafunta suntum, jininta ya hau, kamar dai kakarta. Da amincewarta aka sa ta a binciken. Aikin Hajiya ne kiran sunayen mata ranar awo, kuma abokan aiki suka nemi su ɗauke mata wannan karon. Ta ce, "Kunya ce ta kashe uwata? A'a, shiru ne. Ku ba ni takardar." Ta ɗaga murya ta kira Saliha Uzairu. Ranar 6 ga Satumba Saliha ta sauka lafiya, aka raɗa wa jaririyar Kaltum. Sakamakon farko ya fito a 2022 da ƙarfafa gwiwa, aka faɗaɗa binciken zuwa wasu asibitoci.

Rasuwa

Allah ya karɓi rayuwarta ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, bayan gajeriyar jinya. An yi mata sallah a ƙofar gidanta a Azare, aka kai ta Katagum aka binne kusa da mahaifiyarta, kamar yadda ta yi wasiyya. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Saliha, Fahad da Bappayo, da jika ɗaya, Kaltum. Saliha takan ce sau ɗaya tak ta ji sunanta a bakin mahaifiyarta, kuma ya ishe ta. Allah ya jiƙanta da rahama.