Rumbun Gas na Yaya Bashir

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bashir, Allah Ya jiƙansa. Injiniya ne a wata ma'aikata, a lokacin da Abuja ke tsirar da benaye kamar ciyawar damina. Shi kuwa hankalinsa na kan kashin shanu.

Hayaƙin itace ne ke cin idon Innarmu, likita ya ce ta rabu da murhu ko ta rabu da gani. Sai Yaya ya haƙa rami a bayan gidanmu na Tungan Maje, yana zuba kashin shanu ya rufe, in ya ruɓe ya ba da gas na girki. Da bazara gas ɗin har ya yi yawa, da sanyi kuma ramin ya yi barci. Don haka ya samo injin tsohon firji yana matse gas ɗin cikin tukwanen ƙarfe, a ajiye zafin bazara sai hunturu. Rumbu yake kiran ɗakin da yake jera tukwanen. Yakan zauna a ƙofarsa yana mafarkin ranar da kowane gida daga nan har Abaji zai yi nasa.

Ya lissafa komai, ban da hannun Inna. Ita ta tashi a garin da ba a hana maƙwabci ɗiban wuta. Mai bikin suna ta zo, a ɗauki tukunya. Mai jego ta aiko, a ɗauki wata. Sanyi na shigowa Yaya ya buɗe rumbu ya tarar da wayam, Inna kuma ta koma gindin murhu tana hawaye.

"Inna, idonki fa nake tara wa."

"To wuta ce, yaron nan. Da wane baki zan ce babu?"

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Yau maƙwabtan nan duk a shago suke cika tukunya. Nakan ce da yana nan da ya yi dariya, ya ce rumbu ya zo amma na haya ne. Ina kewar wannan dariyar ƙwarai.

Ramin ya cike, idon Inna ya tafi. Abin da ya saura tukunya ɗaya ce da ya cika a bazararsa ta ƙarshe. Ita kam an roƙa, Inna ta hana, ba ta kuma yarda a kunna ba. Duk zuwan da na yi sai ta sa in ɗaga mata.

"Har yanzu da nauyi?"

Nakan ce da nauyi, Inna.