Malam Mutari mai wuta da jan ƙwan da ban duba ba

Ranar Talata da hantsi ina rumfata a Belbeji, kaina cikin injin wata mota, wayata ta yi ƙara. Alhaji Sale ne, ƙanen maigidana Malam Mutari, tela a kasuwar Tanut. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Habu, sai haƙuri. Yaya Mutari ya cika bayan asuba, yanzu za mu kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a ƙasa da sifana a hannu. Na san ko na tashi a lokacin ba zan samu jana'iza ba, don duk wanda ya san hanyar Belbeji zuwa Tanut ya san ba ta gaggawa ba ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne damina biyu ke nan ban taka ƙofarsa ba, ban kuma nemi gafararsa ba, alhali ni ne mai laifi.

Malam Mutari mai gyaran wutar mota ne, kuma a duk ƙasar Damargu ban san direban da bai san rumfarsa ta bayan tasha ba. Na je wurinsa da gemuna, shekarar da gero ya ƙi a gonarmu ta Olelewa, ban san komai ba sai hauyar noma. Shekara tara na yi a hannunsa, ina cin tuwon gidansa. Ranar farko ya ɗora hannu a kan batir ya ce, "Wannan randa ce, ba rijiya ba ce. Mai ɗebo mata ruwa shi ne wancan." Ya nuna mini altanato, na'urar da bel ke juyawa tana cika batir in inji na tafiya. Ya ce, "In randa ta ƙafe, kada ka fara da zaginta. Nemi dalilin da ruwa bai zo ba."

Yana da tsarin da ba ya tsallakewa ko motar wa ce. Kafin ya buɗe murfin inji sai ya ce direba ya sauko, shi ya hau kujerar, ya murɗa makulli rabi, ya kalli ƴan fitilun gaban sitiyari ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya sauko ya danna bel da babban yatsa ya ji ko ya saki, ya girgiza kawunan batir, ya bi wayar da ke haɗe da jikin mota ya ga ko tsatsa ta ci ta. In ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai a batir, ya san wuta ce ke shiga fiye da kima. Wani lokaci ya kafa doguwar sukundireba a jikin altanato, ya kara kunne a ƙotar, ya rufe ido. Kwance altanato shi ne na ƙarshe. Direbobi masu sauri suna ƙunƙuni, shi ko a jikinsa.

Ba ya yarda a zuba ruwan rijiya a batir, saboda kanwar da ke ciki. Da damina ta faɗi sai ya shimfiɗa manyan robobi a tsakar gida, nesa da indararo, ya tari ruwan sama ya tace ya cika jarkoki. A garin da ruwa yake da daraja irin Tanut, matarsa Inna Hajara ta sha cewa ita dai ba ta taɓa ganin mai ɓoye ruwa don ƙarfe ba. Buzaye da Fulani suna zuwa daga rugage da batiran hasken rana ɗaure a kan raƙumi ko jaki, ya zuba musu, ya yi ta fama da su cikin guntun Buzancinsa da Fulatancinsa har su gane cewa ba a barin batir ya mutu ƙurmus kafin a cika shi. Suna dariyar harshensa, shi ma yana taya su.

Abu ɗaya ne na san yana tayar masa da rai. Direbobinmu suna da al'adar cire kan batir inji na tafiya, wai in motar ba ta mutu ba to altanato lafiya lau. Malam ya sha bugun hannun manya da ƙanana a kan wannan. Yakan ce, "Tsohuwar motar gazuwal, mai shan dizal, ko ka jefa batirinta a rijiya ba za ta mutu ba, me ka gwada? Ka dai ƙona abin da ka zo dubawa." In ya huce kuma shi zai fara miƙa wa mutumin kofin shayi.

Da ya sallame ni na buɗe tawa rumfar a Belbeji, shi ya raba kayan aikinsa ya ba ni rabi. Na sayi mitar auna wuta mai lambobi, na shiga jin kaina. Ina dangwala wayoyi biyu a batir, lamba ta fito, in yanke hukunci. Hawa kujerar direba na daina, ina ganin ɓata lokaci ne na tsofaffi.

Sai ga Idi, direban wata tsohuwar bashe, wato a-kori-kura, da ke jigilar mutane da awaki tsakanin Belbeji da Tenhiya. Batirinsa yana mutuwa duk bayan kwana uku. Na ce ya tayar, ina tsaye a gaban inji na auna, wuta ba ta shiga. Bel na nan daram, kawuna a ɗaure. Na ce altanato ya mutu, na cire na jefa cikin tarkace na sa wani. Na ce ya taka totur sosai, injin ya yi ruri, lamba ta hau, na ce ya tafi. Bayan mako ɗaya motar ta ƙi tashi a bakin wata rijiya can cikin daji, da mata da tsofaffi a ciki, suka yini a rana kafin makiyaya su taimaka a tura ta cikin rairayi. Ya dawo yana faɗa, na ce an sayar mana da na banza ne, na sake sa wani. Haka aka kuma. A karo na uku bai zo wurina ba, ya wuce Tanut.

Idi da kansa ya ba da labarin a tashar Belbeji, ina zaune, direbobi sun kewaye shi. Ya ce Malam bai ko kalli injin ba. Ya hau kujera ya murɗa makulli rabi, ya kalli fitilun, sannan ya ce, "Ina jar fitilar batir?" Idi ya ce ai tun bara ya cire ƙwan, lokacin da bel ya saki tana ta ƙifta masa ido, fasinja suna damunsa da tambaya. An ɗaure bel daga baya, ƙwan kuma bai mayar ba. Malam ya ce masa a irin waɗannan tsofaffin motoci, ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tashi altanato. In babu shi, sai an yi sa'a injin ya yi ruri sosai yake kamawa, wata rana ya kama wata rana ya ƙi. Ya laluba gwangwaninsa ya ɗauko ƙwai ya sa, fitila ta kama ja, aka tayar da mota ta ɗauke, wuta ta shiga.

Idi ya juyo ya dube ni ya ce, "Ya ba ni saƙo. Ya ce ka tono altanaton farko daga tarkace, lafiyarsa ƙalau. Ya ce kuma in gaya maka kujerar direba ba ta cizo." Tasha ta ɗauki dariya. Daga ranar sunana ya koma Habu mai mita.

Na san halin Malam, na san wasa ne irin wanda ya saba yi mini shekara tara. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na ce ya tozarta ni a bakin direbobi, ya rasa ta inda zai aiko da gyara sai ta bakin Idi. Ya kira ni sau biyu a wannan makon, ina kallon sunansa a waya har ta katse. Sallah ta zo ban je ba. Na tono altanaton na gwada, yana aiki kamar yadda ya ce, wannan ma ya ƙara mini haushi. Na koma hawa kujerar direba kafin in taɓa komai, amma ban gaya wa kowa daga ina na koya ba. Da na ji an ce ba ya jin daɗi, na ce zan je bayan kasuwa. Kasuwa ta ci ta watse sau nawa, ina nan ina cewa zan je.

Na isa Tanut bayan la'asar, an riga an dawo daga maƙabarta. Na gaisa da Alhaji Sale da mutanen da ke zaune a kan tabarmi, aka yi addu'a, sannan ya ce in shiga ciki, ai ni ɗan gida ne. Inna Hajara tana zaune a ɗaki da carbi, ta lulluɓe kai. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Habu, sai yau?"

Na ce, "Inna, ku gaya mini don Allah, ya ce ya yafe mini?"

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya a kan mamaci ba. Ban ji ya ce ya yafe ba, ban kuma ji ya ce ya riƙe ka ba. Wata huɗu yana kwance, ɓarin jikinsa ba ya motsi. In ya ji mota ta tsaya a ƙofa sai ya ce, duba ko Habu ne. In leƙa in ce ba shi ba ne."

Na sunkuyar da kai. Ta ci gaba, "Direbobi suna shigowa har nan inda kake, suna gaya masa ciwon motocinsu. Ya saurara ya ce, ku tafi Belbeji wurin Habu, duk ƙasar nan babu mai hannunsa. Amma kada ku ce ni na turo ku. Yana da zuciya, in ya ji sunana zai iya ƙin taɓa motar, ku yi tafiyar banza."

A nan kuka ya ƙwace mini, ni da furfura a gemu, a gaban mata masu zaman makoki. Watannin nan huɗu motocin Tanut sun yi ta cika mini rumfa, har na riƙa faɗa a tasha cewa sunana ya kai can, tsohon ya gaji, zamani ya dawo hannunmu. Na faɗi haka da bakina, ba sau ɗaya ba, kuma wasu daga cikin waɗanda na faɗa wa daga gefen shimfiɗarsa suka taso. Babu wanda ya tanka mini a cikinsu, saboda ya hana su.

Na rubuta wannan ne don waɗanda suka san shi da waɗanda ba su san shi ba su san irin mutumin da aka rasa a Tanut. Ya Allah ka jiƙan bawanka Mutari, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka saka masa da alheri a kan duk matafiyin da ya kai gida lafiya ta dalilin hannunsa. Ka ba Inna Hajara da ƴaƴansa da Alhaji Sale haƙurin rashinsa, ka rufa musu asiri, kada ka bar su su wulaƙanta bayansa. Mu kuma ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Wanda ya karanta ya sa Malam a addu'arsa. In ya gama, ina roƙonsa ya ƙara guda ɗaya saboda ni: Allah ya sa ya yafe mini kafin ya tafi, don ni ban je na tambaya ba.