Damin Iliya

Ranar Lahadin godiyar kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar ƙauyenmu kusa da Dumega, Inna ta zauna a kan damin gero a ƙofar ɗakinta, ta ƙi tashi. Baba yana tsaye cikin rigarsa ta zuwa majami'a, an riga an ɗora wa jaki sauran dammunan, ana ta buga ƙarfen kiran sujada. Al'adarmu ce, mu 'yan tsirarun Kiristan garin, duk wanda ya yi noma, ko yaro ne, ya kai damin farko gaban bagade, teburin sujada a majami'a. Wannan damin kuwa na ƙanena Iliya ne, wanda muka binne da tsakiyar damina.

A shekarar ne Baba ya fara yankar masa gayauna a gefen gonarmu. Sungumin ma ya fi shi tsawo, amma ya hana kowa taɓa masa. Shi ya sara, ni na bi shi ina zuba iri ina rufewa da diddige, yana ta yi mini faɗa wai ina ɓarna. In an tashi daga lakwal yara su tafi langa, shi sai gona, ya je ya gwada tsawonsa da na geron. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Damin gerona shi za shi hi na kowa girma a gaban Yesu."

Gero na shirin fitar da kai zazzaɓi ya kama shi. Kakarmu, wadda ba ta taɓa barin addinin iyayenta ba, ta ce aljana doguwa ce, a yanka jar akuya. Baba ya ƙi. Aka kai shi gidan likita a amalanke, aka dawo da magani, 'yan'uwa suka cika tsakar gida da addu'a. Ni ma na roƙa har muryata ta dishe, ban taɓa kawo wa raina za a hana mu ba. Ya rasu da hantsi, ana yayyafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gayaunar ta yi kyau bayansa. Ba wanda ya ƙara nome ta, amma zangarniyarta ta fi ta gonar Baba.

Fasto ya ce Allah ya san ranar Iliya tun kafin a haife shi. Baba bai iya haɗiye wannan ba. Ya ce shi a ganinsa Allah bai rubuta wa yaron mutuwa ba, abin ya zo ne kawai, kuma Allah ma ya yi kuka tare da mu. Da wannan maganar ya so ya lallashi Inna a safiyar nan. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "In Allah ya sani, don mi yab bar mu muna roƙo? In bai sani ba, wa munka roƙa? Ya ɗauki mai gona, shi bar mini hatsin."

Baba ya ja jakinsa ya tafi. Inna ta rataye damin a ɗakinta, ba a sussuka ba, ba a shuka ba, har ƙwari suka cinye shi, yana zubo mata gari a kan gado. Ta ci gaba da zuwa majami'a, amma ban sake jin ta tana waƙa ba.

Yanzu a Dogon Dutsi nake, ba ni da gona, godiyar kaka ma kuɗi ake sawa a ambulan a kai. Na sha jin masu ilimi suna jayayya a kan maganar fasto da ta Baba, ba wanda ya amsa wa Inna. Ina kewar yarinyar da nake a lokacin, wadda ta yi roƙo ba shakka a ranta. Har yau ina durƙusawa, sai dai ban ƙara roƙon ran kowa ba.