Harafi Ɗaya a Jikin Buhu

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ya san Gwaggon Sito. Gajeriya ce kakkaura, makullai bakwai na lilo a ƙugunta, kafin ka gan ta ka ji ƙararsu. Da tsintsiya ta fara, shekara tara tana shara, a ciki mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Boko kuwa ba ta yi ba, babbar 'yarta ce ta koya mata haruffa a bayan tsohuwar kalanda. Da mai sito ya yi ritaya, aka duba aka ga babu wanda ya san lungunan wurin kamarta, sai aka danƙa mata.

Cikin kayan da take tsaro akwai wani farin gari, sodiyam salfayit. Shi ake zubawa a ruwan tukunyar tururi, ya shanye iskar da ke sa bututu tsatsa. Gwaggo ririta shi take kamar jariri. A kan katako take jera buhunan kada danshi ya taɓa su, wanda aka buɗe ta ɗaure bakinsa tam, don iska na kashe masa ƙarfi. Jarkokin asid kuwa can wani ɗaki, domin in suka haɗu hayaƙin da zai tashi sai ya shaƙe mutum. Ka zo ɗiba ba takunkumi ba safar hannu, sai ta ce, "Ɗan nan, huhun aro gare ka?"

To, ran nan saura buhu biyu a sito, mota ta iso da arba'in. Gwaggo ta ɗora tabarau, ta bi rubutun da yatsa, ta ce ba za ta sa hannu ba.

"Haba Gwaggo," in ji direba, "gari fari, buhu fari, me kuma kike nema? Sunan kakansa?"

"Nasa ma bai yi ba, balle na kaka."

Manaja ya sauko yana huci. Buhu biyu ba za su wuce jibi ba, in tukunya ta tsaya masaƙa ta tsaya. Ya ce, "Ki karɓa, ko ki ajiye mini makullan nan yau."

Da aikin nan take riƙe gida. Amma ta gyara tsayuwa.

"Yallaɓai, Turanci dai ba na ji, amma na san harafi. Namu, can wajen ƙarshen sunansa akwai i. In na ga i sai in ce i, a shigo da shi. Wannan a ne a wurin. Ni kuwa in na ga a, a'a nake cewa."

Direba ya tuntsire da dariya har da dukan ƙofar mota. Manaja ya ce ai duk ɗaya ne, kuskuren masu bugawa ne kawai.

"In haka ne a kira mai awo ta ƙaryata ni."

Mai awo, matar da ke gwada ruwan tukunya, ta ɗebi kaɗan daga tsohon buhu da sabo, ta kai bakin taga, ta ɗiga wa kowanne asid. Tsohon ya tayar da wari kamar an ƙyasta ashana. Sabon ko gezau.

"Salfet ne, ba salfayit ba, Yallaɓai," in ji ta. "Da an zuba shi babu abin da za a gani yau. Tsatsa ce za ta yi ta cin bututu a ɓoye har ranar da zai fashe da mutum a gabansa."

Manaja ya sosa ƙeya, ya ciro waya ya kira masu kayan. Yana juyawa ya ce, "Riƙe sitonki, Gwaggo."

Washegari da rana tsaka direban ya dawo da wasu arba'in. Gwaggo ta jawo kujera, ta ce a sauke mata ɗaya bayan ɗaya.

"Duka za ki karanta? Wallahi ni ma na duba!"

"Madalla. Sauko da na biyu."